Karanta Fayil ɗin .exe Kafin Ka Kunna Shi: Jagora Ga Masu Gyaran Kwamfuta

Duk mai gyaran kwamfuta a Garwa, Marwa ko Njamena ya san wannan saƙon: an danna manhaja, sai ƙaramar taga ta fito da Faransanci tana cewa babu VCRUNTIME140.dll, ɗaya daga cikin fayilolin DLL da manhajoji ke aron ayyuka daga gare su, ko kuma ta nuna lambar 0xc000007b ta rufe. Abin da yawancinmu muka saba yi shi ne mu rubuta sunan a Google, mu sauko da fayil daga shafin da ba mu san mai shi ba, mu jefa a System32, mu ce Allah ya sa a dace. Wannan ɗabi'a tana cin data, tana cin lokaci, kuma ita ce hanya mafi sauƙi ta shigar wa mutum cuta a na'urarsa da hannunka. Alhali amsar tana rubuce a cikin manhajar kanta. Kowane .exe da .dll yana ɗauke da jadawalai masu faɗin irin na'urar da aka gina shi dominta, da fayilolin da yake nema, da hotuna da rubutun da ke cikinsa. Ana iya karanta su duka ba tare da an kunna shi ba.

Sunan wannan tsari PE. Microsoft ta shigo da shi tare da Windows NT 3.1 a 1993, kuma har yau shi ne tsarin .exe da .dll da .sys da .scr. Shawarata ita ce ka bi shi da hannu sau ɗaya, bayit bayan bayit, kafin ka koma ga manhajojin da ke yi maka aikin. Wanda ya ƙirga da kansa shi ne zai gane ranar da manhajar ta ruɗe.

Kayan aiki

Ka samu HxD don ganin bayit tsirara, da 7-Zip, da Resource Hacker, da PE-bear ko CFF Explorer. Dukkansu kyauta ne, kuma ƙanana ne da za su zauna a filas ɗaya. Kalkuletan Windows ma yana da yanayin masu rubuta manhaja, wanda ke juya lambobin heks, wato ƙirga mai tushe 16 da HxD ke nunawa, wadda ake sa wa 0x a gaba, zuwa na yau da kullum. A Windows na Faransanci sunansa Programmeur. Idan madanninka AZERTY ne kamar yawancin na'urorin da ke zuwa mana ta Duwala, ka yi amfani da lambobin gefen dama, don na sama sai da Shift, kuma kuskuren lamba ɗaya zai kai ka wani wuri daban.

Ka kwafi fayil ɗin da za ka bincika, ka sauya masa ƙarshen suna zuwa .bin. Ta haka ko yaron shago ya danna shi bisa kuskure, ba zai tashi ba.

Mataki na farko: daga MZ zuwa PE

Buɗe fayil ɗin a HxD. Bayit biyu na farko su ne 4D 5A, wato haruffan MZ, haruffan farko na sunan Mark Zbikowski, ɗaya daga cikin injiniyoyin MS-DOS. Idan ba su ka gani ba, ba PE ba ne. 50 4B alamar ZIP ce, kuma APK na waya ma ZIP ne. 7F 45 4C 46 kuwa ELF ne, tsarin Linux da Android. Haka nan idan fayil ya ce shi .pdf ne ko .jpg amma ya fara da 4D 5A, to ka riga ka kama shi.

Danna Ctrl+G ka tafi 3C. Bayit huɗun da ke wurin suna nuna inda ainihin kan fayil yake. Sai dai ana ajiye lamba ne da ƙaramin bayit a gaba, don haka daga baya za ka karanto. A misalin da zan yi ta amfani da shi, akwai F8 00 00 00, ma'ana 0xF8. Wannan juyin zai bi ka har ƙarshen aikin, ka saba da shi tun yanzu.

A 0xF8 za ka tarar da 50 45 00 00, wato PE da sifili biyu. Bayansa akwai bayit 20. Biyun farko nau'in na'ura ne: 4C 01 na nufin 0x14C, manhajar bit 32, 64 86 na nufin 0x8664, bit 64, 64 AA kuma ARM64. Biyu na gaba yawan sassa ne. Huɗu na gaba lokacin haɗa fayil ne, a daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970. Kada ka dogara da wannan lokaci sosai. Fayilolin Windows 10 da yawa suna ɗauke da wata lamba ce daban a wurin, shi ya sa za ka ga shekarar da ba ta zo ba tukuna, tsofaffin manhajojin da aka gina da Delphi kuma duk suna nuna 19 ga Yuni 1992. Bayit na 16 da na 17, idan ka fara ƙirga daga sifili, su ne girman kai na biyu, wato bayanin da ke biye da waɗannan bayit 20: E0 00 a bit 32, F0 00 a bit 64. Biyun ƙarshe tutoci ne, kuma idan akwai 0x2000 a ciki, fayil ɗin DLL ne ko da me aka raɗa masa.

Da wannan kaɗai ka warware rabin matsalar 0xc000007b. Sau da yawa abin da ke kawo ta shi ne manhajar bit 32 ta ci karo da DLL na bit 64, ko akasin haka. Ka duba nau'in na'ura a manhajar, ka duba a DLL ɗin da ke kusa da ita. Ka kuma tuna cewa a Windows na bit 64, System32 na fayilolin bit 64 ne, SysWOW64 kuma na bit 32. Sunayen suna yaudarar mutane da yawa.

Mataki na biyu: jerin adireshi

Kai na biyu yana farawa bayit 24 bayan alamar PE, wato 0x110 a misalinmu. Yana buɗewa da 0B 01 idan bit 32 ne, ko 0B 02 idan bit 64 ne. A tazarar 16, wato bayit 16 daga farkon wannan kai, akwai adireshin da aiki ke farawa. A tazarar 68 akwai lamba 2 idan manhajar mai taga ce, 3 idan ta baƙin allo ce.

Abin da muka zo nema yana tazarar 96 a bit 32, ko 112 a bit 64: jerin gurabe 16, kowanne bayit 8, huɗu na adireshi, huɗu na girma. A misalinmu, wanda na bit 64 ne, jerin ya fara a 0x180. Gurbi na 0 jadawalin ayyukan da fayil ke bayarwa ne, na 1 na ayyukan da yake arowa, na 2 na kayan ciki kamar hotuna da rubutu, na 4 sa hannun kamfani, na 5 gyaran adireshi, na 6 bayanan gano kuskure, na 13 ayyukan da ba a arowa sai an buƙace su, na 14 kuma alamar .NET. Gurbin da ke cike da sifili yana nufin babu wannan jadawali.

Mataki na uku: sassa, da lissafin da komai ya rataya a kansa

A nan mutane suke karaya, don haka zan daɗe a kai.

Adireshin da ke cikin gurabun nan ba wuri ne a cikin fayil ba. Wuri ne a cikin memori bayan Windows ta ɗora manhajar, ana ƙirga shi daga inda aka fara shimfiɗa ta. Sunansa RVA. Kamar kayan da aka loda a babbar mota daga Ngaundare zuwa Kusuri ne: a cikin mota a matse suke, a shago kuwa kowane iri yana da kantarsa da sarari a tsakani, kuma takardar da ke hannunka lambar kanta take faɗa, ba wurin da kayan suke a mota ba. A fayil yawanci ana jera sassa a kan ninkin 0x200, a memori kuma a kan ninkin 0x1000.

Jadawalin sassa shi ke haɗa biyun. Yana biye da kai na biyu kai tsaye: 0x110 a tara da 0xF0, an samu 0x200. Kowane sashe bayit 40 ne. Takwas na farko suna ne, sai girmansa a memori, sai adireshinsa a memori, sai girmansa a fayil, sai wurinsa a fayil, kowanne bayit huɗu. A ce ga abin da ka karanto:

.text: memori 0x1000, fayil 0x400
.rdata: memori 0x5000, fayil 0x3C00
.data: memori 0x8000, fayil 0x6000
.pdata: memori 0x9000, fayil 0x6200
.rsrc: memori 0xA000, fayil 0x6600

Gurbi na 1 ya ba ka 0x6A10. Ka nemi sashen da lambar ta faɗa cikinsa: ta wuce 0x5000, ba ta kai 0x8000 ba, don haka .rdata ne. Cire adireshin sashen a memori, 0x6A10 ban da 0x5000, saura 0x1A10. Ƙara wurin sashen a fayil, 0x3C00, ka samu 0x5610. Can za ka tafi a HxD. Shi ke nan lissafin, kuma duk RVA da za ka haɗu da shi haka za ka yi masa. Gurbi na 4 kaɗai ya fita daban: lambar sa hannu wuri ce a fayil kai tsaye, saboda ba a ɗora ta a memori.

Kafin ka bar jadawalin, ka dube shi da idon zargi. Sunan sashe ado ne kawai, kowa na iya rubuta abin da ya so. Girma ne ke tona asiri. Idan ka ga sashe mai girman sifili a fayil amma babba a memori, ga sunaye kamar UPX0 da UPX1, an matse manhajar ne, kuma ainihin jadawalanta ba za su fito ba sai an warware. Ga UPX, manhajar da ke yin wannan matsewa, umarnin `upx -d` yana wadatarwa idan ba a taɓa fayil ɗin ba. Matsewa ba laifi ba ce, manhajojin kirki da yawa suna yi, amma dalili ne na ƙara lura. Sannan ka tara wurin sashe na ƙarshe da girmansa, ka gwada da girman fayil gaba ɗaya. Idan akwai rara mai yawa, an liƙa wani abu a wutsiya. A manhajojin girkawa irin na NSIS da Inno Setup nan ne kayan suke, sa hannun kamfani ma a nan yake zama.

Mataki na huɗu: abin da manhaja ke arowa

A 0x5610 akwai jeri, kowane layi bayit 20, layi ɗaya ga kowane DLL, kuma layin da ke cike da sifili shi ne ƙarshe. A kowane layi bayit huɗu na farko RVA ne na jerin ayyuka, waɗanda ke tazarar 12 kuma RVA ne na sunan DLL. Juya shi zuwa wuri a fayil, za ka ga KERNEL32.dll ko USER32.dll a fili. Jerin ayyukan kuwa gurabe ne na bayit 4 a bit 32, ko 8 a bit 64. Idan bit mafi girma a kunne yake, ana kiran aikin da lamba ne ba da suna ba. In ba haka ba RVA ne, kuma a can za ka tsallake bayit biyu sannan ka karanta sunan aikin.

Ga amfaninsa a shago. MSVCR100.dll na Visual C++ 2010 ne, MSVCR110.dll na 2012, MSVCR120.dll na 2013, VCRUNTIME140.dll da MSVCP140.dll kuma na kunshin 2015 da waɗanda suka biyo baya. Ka sauko da waɗannan kunshin daga Microsoft sau ɗaya, na bit 32 da na bit 64, ka ajiye a filas, ka girka wanda ya dace da nau'in manhajar, ba nau'in Windows ɗin ba. Manhajar bit 32 a kan Windows na bit 64 kunshin x86 take so. A tsofaffin na'urori masu Windows 7, da har yanzu suke aiki a wuraren buga takardu, saƙon api-ms-win-crt-runtime-l1-1-0.dll yana nufin ba a sa sabuntawar KB2999226 ba. Idan kuma jerin ya ƙunshi mscoree.dll kaɗai da aiki guda, _CorExeMain, manhajar .NET ce, kuma .NET Framework za ka duba.

Jerin yana kuma nuna hali. WS2_32.dll ko WININET.dll na nufin tana magana da intanet. RegSetValueEx na nufin tana rubutu a rajistar Windows. SetWindowsHookEx da GetAsyncKeyState suna iya sauraron madanni. WriteProcessMemory tare da CreateRemoteThread suna shiga jikin wata manhajar. Babu ɗaya a cikinsu da ke tabbatar da laifi shi kaɗai. Tambayar ita ce ko aikin ya dace da abin da manhajar ta ce ita ce. Kayan filashin waya dole su yi magana da USB, amma ƙaramar manhajar juya hoto ba ta da hujjar sauraron madanni. Jerin da ya yi gajarta fiye da kima, LoadLibraryA da GetProcAddress da 'yan kaɗan, shi ma magana ce: manhajar tana nemo sauran ne bayan ta tashi.

Jadawalin abin da DLL ke bayarwa, gurbi na 0, zan taƙaita shi. Yana da jeri uku: na adireshin ayyuka, na sunaye, da na lambobin da ke haɗa suna da adireshi. Za ka buƙace shi ranar da saƙo ya ce ba a sami wani aiki a cikin DLL ba alhali DLL ɗin yana nan. Ka duba ko sunan yana jerin; idan babu, DLL ɗin tsoho ne, ko manhajar ta fi ƙarfin wannan Windows ɗin. Wani adireshin kuma ba ya kai ka ga aiki, sai ga rubutu, kamar HeapAlloc na KERNEL32 da ke tura ka NTDLL.RtlAllocateHeap.

Mataki na biyar: kayan ciki

Gurbi na 2 yana kai ka sashen .rsrc, 0x6600 a misalinmu. Tsarinsa hawa uku ne: iri, sai suna ko lamba, sai harshe. Kowane hawa yana farawa da bayit 16, inda bayit biyu a tazarar 12 ke faɗin yawan gurabe masu suna, biyu a tazarar 14 kuma yawan masu lamba. Sai gurabun su biyo, bayit 8 kowanne: huɗu lamba, huɗu inda za ka nufa.

A hawa na farko lambobin su ne iri: 2 hoto, 3 tambari, 4 jerin zaɓi, 5 taga, 6 rubutu, 10 kaya na kowane iri, 14 rukunin tambari, 16 bayanin siga, 24 takardar buƙatu.

A ce gurbi na farko ya nuna 03 00 00 00 38 00 00 80. Iri na 3 ne, inda za ka nufa kuma 0x80000038. Wannan 8 na farko ba adireshi ba ne, alama ce cewa akwai wani hawa a ƙasa. Cire shi, saura 0x38, ka ƙara a kan farkon jadawalin: 0x6638. Haka za ka yi a hawa na biyu. A hawa na uku alamar ba ta nan, kuma lambar tana kai ka wani guntu mai bayit 16: adireshin kayan, girmansu, da lambar tsarin haruffa. A nan tarkon yake. Duk lambobin da ka bi a hawa ukun ana ƙirga su ne daga farkon jadawalin, amma wannan adireshi na ƙarshe RVA ne. Idan ya ce 0xA2E8, sai ka koma lissafin mataki na uku: cire 0xA000, ƙara 0x6600, ka samu 0x68E8.

Lambar harshe ta shafe mu ƙwarai a wannan yanki, inda na'ura ɗaya za ta zo da Faransanci, wata da Turanci daga Yola ko Mubi, wata da Larabci. 0x409, wato 1033, Turancin Amurka ne. 0x40C, wato 1036, Faransancin Faransa. 0x401 Larabcin Saudiyya, 0x2C0C Faransancin Kamaru, 0x468 kuma Hausa. Idan abokin ciniki ya ce, "Malam, a mayar mini da ita Faransanci," hawa na uku zai gaya maka ko Faransancin yana ciki ko babu. Amma tun daga Windows Vista, fayilolin Windows kansu sun fitar da rubutunsu zuwa fayilolin .mui da ke cikin folda kamar fr-FR da en-US, don haka a can za ka nema. Daga Windows 10 siga ta 1903 kuma, tamburan shell32.dll da imageres.dll sun koma fayilolin .mun a C:\Windows\SystemResources.

Rubutu, iri na 6, ana ɗaure shi ne sha shida-sha shida. Don nemo rubutu mai lamba 1005, raba da 16: ka samu 62, saura 13. Ƙara ɗaya a kan 62, ƙunshi na 63 ke nan, kuma a cikinsa ka tsallake 13 ka karanta na gaba. Kowane rubutu yana farawa da bayit biyu na yawan haruffa, sai haruffan a UTF-16, bayit biyu kowanne. Gurbin da babu komai 00 00 ne kawai. Shi ya sa idan ka nemi kalma a HxD a matsayin rubutu na yau da kullum ba za ka same ta ba, sai ka zaɓi Unicode. Harafin é zai fito E9 00, namu ƙ kuma 99 01, ɗ 57 02, ɓ 53 02. Wato babu abin da ya hana taga ko jerin zaɓi su ɗauki Hausa da ƙugiyoyinta daidai, kuma ina fatan ɗalibanmu na jami'o'in Ngaundare da Marwa masu rubuta manhaja za su riƙa saka ta a nasu aikin.

Tambari yana da ɗan wuya. Iri na 14 jeri ne kawai: bayit 6 na kai, sai bayit 14 ga kowane hoto, biyun ƙarshe lambar hoton ce a iri na 3. A fayil ɗin .ico kuwa layin bayit 16 ne, huɗun ƙarshe wurin hoton. Don haka kwafe bayit kai tsaye ba zai ba ka .ico mai buɗuwa ba, sai an sake gina jerin. Faɗi ko tsayi na sifili yana nufin 256, kuma irin wannan babban yawanci PNG ne. Hoto na iri na 2 shi ma babu bayit 14 na farkon .bmp a jikinsa. Wannan aikin ka bar wa Resource Hacker, ko wrestool da icotool idan kana kan Linux.

Amma ka kalli tambarin da kanka. Cutar da ta daɗe tana yawo a filas tsakanin shagunan kwafi da wuraren tura waƙoƙi tana ɓoye foldojin mutum ne, ta ajiye .exe mai sunansu da tambarin folda mai ruwan ɗorawa. Tunda Windows tana ɓoye ƙarshen suna, ɗalibi zai danna yana zaton takardunsa ne. Manhajar da tambarinta folda ne, ko takardar Word, ko PDF, ba ta da niyyar alheri.

Bayanin siga, iri na 16, za ka gane shi da bayit BD 04 EF FE. Bayansa akwai lamba kamar 040904B0 ko 040C04B0: huɗun farko harshe, 04B0 kuma 1200, wato Unicode. Sai CompanyName, FileDescription, FileVersion da OriginalFilename. Na ƙarshen yana da amfani idan an sauya wa fayil suna. Sai dai duk wannan abin da fayil ya faɗa game da kansa ne, kuma kowa na iya rubuta Microsoft Corporation a wurin cikin minti ɗaya. Sa hannu ne kaɗai shaida, ka duba shi a tagar Propriétés ta fayil ɗin ko da manhajar sigcheck ta Sysinternals. Ka lura cewa fayilolin Windows da yawa sa hannunsu yana wani kundi daban, don haka gurbi na 4 zai zama sifili ko da na gaskiya ne; sigcheck yana gane wannan.

Iri na 24 rubutun XML ne da za ka karanta da ido. Nemi requestedExecutionLevel: asInvoker na nufin ikon mai amfani ya ishe ta, requireAdministrator na nufin tana son dukkan iko. Iri na 10 kuwa ka duba farkon kowane guntu. Idan ka ga 4D 5A a ciki, manhaja ce ɗauke da wata manhajar, sai ka ciro ta ka fara mata daga mataki na farko.

Bayan ka iya da hannu

Yanzu PE-bear zai nuna maka duk wannan a taga ɗaya, kuma za ka san ma'anar kowane layi. 7-Zip yana buɗe .exe kamar kunshi, ya nuna .rsrc a matsayin folda. Mai Visual Studio yana da `dumpbin /headers`, `/imports` da `/exports`, mai Linux kuma `objdump -p`. Idan fayiloli suna da yawa, pefile na Ero Carrera a Python ya fi sauri:

```
import pefile
pe = pefile.PE("gwaji.bin")
print(hex(pe.FILE_HEADER.Machine))
for d in pe.DIRECTORY_ENTRY_IMPORT:
    print(d.dll.decode())
    for a in d.imports:
        print("   ", a.name or a.ordinal)
for iri in pe.DIRECTORY_ENTRY_RESOURCE.entries:
    for suna in iri.directory.entries:
        for harshe in suna.directory.entries:
            b = harshe.data.struct
            kaya = pe.get_data(b.OffsetToData, b.Size)
            print(iri.id, suna.id, harshe.id, b.Size, kaya[:4])
```

Layukan for guda uku na ƙarshe su ne hawa ukun da ka bi, get_data kuma shi ke yin lissafin RVA. Fayil ɗin da ba shi da kayan ciki zai sa layin DIRECTORY_ENTRY_RESOURCE ya ba da kuskure, don haka ka fara gwadawa da hasattr.

Ga mai rubuta C, Windows tana da EnumResourceTypes, FindResourceEx, LoadResource da SizeofResource. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka buɗe baƙon fayil da LoadLibrary tsura, domin idan DLL ne zai gudanar da aikinsa na farko nan take, kuma ka kunna abin da kake gudu. Yi amfani da LoadLibraryEx tare da tutar LOAD_LIBRARY_AS_DATAFILE.

Resource Hacker yana iya sauya rubutu da tambari ya ajiye, kuma nan da nan za a fara roƙonka ka yi. Sauya bayit ɗaya a cikin sassa yana lalata sa hannu, wasu manhajoji kuma suna duba kansu su ƙi tashi. Lasisin yawancin manhajojin sayarwa ma ya hana. Ka tsaya ga naka aikin, ko manhajar da lasisinta ya yarda a sauya, ka ajiye asalin a gefe, kuma ka gaya wa mai na'urar abin da ka taɓa. Idan ka fassara taga zuwa Hausa, ka faɗaɗa maɓallan a iri na 5, domin jimlarmu takan fi ta Turanci tsawo, kuma Windows yanke rubutun take yi idan bai shiga ba.